Daga Kwanon Baiko Zuwa Rahoton Shekara: Yadda Ake Riƙe Amanar Kuɗin Ikkilisiya

Idan baiko ya fara ja da baya a majami'a, abin da aka saba yi shi ne a ƙara wa'azi a kan Malakai 3:10. Wani lokaci wa'azin ne maganin. Amma sau da yawa cutar tana cikin ɗan ɗakin nan na bayan bagade inda ake ƙirga kuɗi bayan sujada. Matar da ta yini tana sayar da kabeji a kasuwar Farin Gada ta san zafin kowace naira 500 da ta jefa a kwano. In ta shekara biyu ba ta ji inda kuɗin ya nufa ba, ba za ta yi faɗa da kowa ba, hannunta ne kawai zai yi nauyi ranar Lahadi. Wannan jagora ta dattawa ce, da ma'aji, da magatakardan kuɗi, da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa a ikkilisiyoyin Jos da kewaye, ko ECWA ce, ko COCIN, ko wata daga cikin ikkilisiyoyin TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Sunayen muƙamai za su bambanta, aikin dai ɗaya ne.

A fara da gidan mai bayarwa

Manzo Bulus ya ba Korintiyawa tsari mai sauƙi a 1 Korintiyawa 16:2: kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako, gwargwadon samunsa, don kada sai ya iso a fara tara kuɗi. Abubuwa uku ke ciki, a ware tun a gida, a kai a kai, daidai ƙarfi. Wanda bai yi shawara a gida ba, abin da hannunsa ya taɓo a aljihu yayin da mawaƙa ke rerawa shi zai bayar.

Ga mai albashi lissafin zakka, ko ushiri kamar yadda wasu ke cewa, ba wuya: mai ɗaukar naira 70,000 zai ware 7,000 ranar da albashi ya shiga, kafin kuɗin makaranta da na haya su cinye. Inda ake ruɗewa shi ne wajen 'yan kasuwa. A ɗauka mai tumatir ta sari kwando a kan naira 30,000, ta biya mota da ɗan dako 2,500, ta sayar duka ta tashi da 38,000. Ribarta 5,500 ce, ushirinta 550. In aka koya mata ta fitar da 3,800 daga cinikin gaba ɗaya, naira 1,700 kaɗai za ta rage mata a ribar, sai ta koma cin jari, kafin wata uku ta karye, daga nan kuma ta daina bayarwa kwata-kwata saboda kunya. Irin wannan lissafi ya fi kyau a zauna a yi shi a taron Zumuntar Mata da alli da allo, da farashin kasuwa na makon, ba a bar shi a kan mumbari kaɗai ba.

Manomi kan fitar da nasa a masussuka: buhu arba'in na masara, huɗu na Ubangiji. Wasu kan fara cire kuɗin taki da na ƙwadago, wasu ba sa cirewa. Ra'ayinmu shi ne wanda ya ci bashin taki ya fara sallamar mai bashi, domin buhun da ke hannunsa ba nasa ba ne tukuna. Kada kuma a yarda kowa ya ciyo bashi don ya yi baiko. 2 Korintiyawa 8:12 ta ce ana karɓar bayarwa bisa abin da mutum ke da shi, ba abin da ba shi da shi ba.

Raba kuɗin tun daga ƙofa

Kuɗin da ke shigowa ikkilisiya ba iri ɗaya ba ne. Akwai baikon Lahadi, akwai zakka, akwai baikon godiya na haihuwa ko aure ko warkewa, akwai kuɗin alkawarin gini, akwai na masu aikin bishara, kamar abin da ikkilisiyoyin ECWA ke tara wa EMS, ƙungiyarsu ta aika masu bishara, akwai kuma na gwauraye da marayu. Biyun farko majalisar ikkilisiya ce ke da ikon tsara yadda za a kashe su. Sauran da aka tara da sunan wani aiki, na aikin ne shi kaɗai.

Saboda haka kowane iri ya sami kwanonsa ko ambulansa. Ambulan ɗin zakka a buga masa gurbin suna ko lamba, da kwanan wata, da adadi. Lamba ta fi suna, don masu ƙirga ba sa bukatar sanin wane ne ya ba da nawa. Littafin da ke haɗa lamba da suna ya zauna a hannun magatakardan kuɗi. In an zuba komai a kwando ɗaya, ranar Litinin babu mai iya cewa ga na gini ga na marayu, kuma daga nan ake fara «aro». A ari kuɗin bishara a sayi man janareta da niyyar mayarwa, wata ya wuce, a sake ara, ƙarshen shekara mai bishara a ƙauye yana bin albashin wata huɗu. Ba wanda ya saci ko kwabo, amma an ci amanar masu bayarwa. In tilas ta sa a yi aro daga wani asusu, majalisa ta zauna ta amince, a rubuta adadin da ranar mayarwa a littafin taro.

Ƙirgar ranar Lahadi

Nan ne ya kamata a fi tsananta, domin daga kwano zuwa takardar farko babu wata shaida sai idon mutane. A 2 Sarakuna 12, firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika sai magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ƙulle a jakunkuna. Tun wancan zamani mutum ɗaya ba ya ƙirga kuɗin Haikali.

Da an yi addu'a a kan baiko, mutum biyu su ɗauki kwanonin, a juye a jaka mai zik ko akwati mai kwaɗo a gaban jama'a, a ajiye inda ido ke gani har a tashi. Kada a fita da shi ana tsakiyar wa'azi. Masu ƙirga su zama aƙalla uku, ba miji da mata ba, ba uba da ɗa ba, ba mai gida da yaron shagonsa ba. A kafa rukuni uku ko huɗu masu karɓa-karɓa, ta yadda mutum zai yi aikin sau ɗaya a wata. Fasto da iyalinsa kada su shiga ƙirga. Ba don ana zarginsu ba, sai don ranar da surutu ya tashi, Baba Fasto ne zai tsaya ya sasanta, kuma ba zai iya ba in hannunsa na cikin kuɗin.

A ɗakin ƙirga, tebur ya zama fili, jakunkuna da Littafi Mai Tsarki na masu ƙirga a ajiye can gefe. A fara da kuɗin kwano, a ware takardu kala-kala, a ɗaure ɗari-ɗari da roba. Mutum na farko ya ƙirga, na biyu ya sake ƙirgawa ba tare da ya ji adadin na farko ba, na uku ya rubuta. Takardar ƙirga ta nuna yawan kowace takarda, ba jimla kaɗai ba. Misali: 'yan dubu guda 62, naira 62,000, 'yan ɗari biyar 88, naira 44,000, 'yan ɗari biyu 115, naira 23,000, 'yan ɗari 140, naira 14,000, 'yan hamsin 96, naira 4,800, 'yan ashirin 35, naira 700. Jimla 148,500. Amfanin wannan dalla-dalla yana fitowa ne a banki: in mai karɓa ta ce kuɗin bai cika ba, nan take za a san a wane ɗauri gibin yake.

Sannan a buɗe ambulan ɗaya bayan ɗaya. Yakan faru a rubuta 5,000 a baya a tarar da 4,500 a ciki, ko ma ambulan babu komai. A rubuta ainihin abin da aka tarar a jikin ambulan ɗin, mutum biyu su sa hannu, a ajiye shi. Magatakardan kuɗi ya sami mai shi a keɓe: «Mama, a ambulan ɗinki na Lahadi mun ga dubu huɗu da ɗari biyar, ko an yi kuskure wajen rubutu?» Yawanci mantuwa ce, ko an aiki yaro da shi.

Abubuwa biyu ne ke ɓata ƙirga, kuma dukansu da kyakkyawar niyya ake yin su. Na farko canji. Mai shago ya leƙo yana neman 'yan hamsin da 'yan ɗari, wani ya kawo yagaggen dubu a musanya masa. Da zarar hannun waje ya shiga tebur, lissafi ya gurɓace. A rufe ƙofa. Na biyu biyan kuɗi daga kan tebur: a ciri 10,000 a ba baƙon mai wa'azi kuɗin mota, a ciri 6,000 a sayo mai, sannan a rubuta sauran a matsayin baikon ranar. Ta haka littafi ba zai taɓa nuna abin da jama'a suka bayar da gaske ba. Duk abin da ya shigo a rubuta shi cif, a kai banki cif. Kuɗin motar baƙo yana da tasa hanyar, za mu zo kanta.

Takardar ƙirga ta zama kwafi uku da kabon: ɗaya ga ma'aji, ɗaya ga magatakardan kuɗi, ɗaya ta zauna a fayil ɗin majami'a. Duk masu ƙirga su sa hannu kafin kowa ya fita.

Banki, tiransifa da POS

Kuɗi ya kwana a akwatin ƙarfe na majami'a, a kai banki ranar Litinin da safe. Kada ya kwana a gidan ma'aji; hatsari ne gare shi da iyalinsa, kuma kuɗin da ke ƙarƙashin katifa yana jin kukan kowace bukatar gida. A riƙa sauya mai kaiwa da lokacin kaiwa. Takardar shaidar zubawa a manne ta da takardar ƙirga, adadinsu ya zama ɗaya har kwabo.

Asusun ya kasance da sunan ikkilisiya, da takardar gabatarwa daga majalisar da ke sama. Masu sa hannu uku, biyu su isa a fitar da kuɗi, saƙon banki kuma ya riƙa shiga wayar mutum biyu aƙalla, ɗaya daga cikinsu wanda ba ya sa hannu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dattijo zai yi tafiya sai ya sa hannu a cak biyar da ba a cike ba, «don kada aiki ya tsaya». Daga ranar, asusun ya koma na mai hannu ɗaya.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane da yawa sun koma tura baiko ta waya, kuma ba su dawo ba. Wannan ya rage ɗaukar tsabar kuɗi, amma ya kawo nasa ciwon kan. Kuɗi kan shigo babu bayanin ko zakka ce ko na gini. A buga lambar asusun a takardar sanarwa, a roƙi jama'a su rubuta kalma ɗaya a gurbin bayani: zakka, gini, bishara. In da hali a buɗe wa gini asusunsa daban. Hoton saƙon da mutum ya nuna a wayarsa ba shaida ba ce, akwai na jabu, akwai kuma wanda banki ke mayar wa mai shi. Sai an gani a bayanin asusun ikkilisiya za a yanka rasit. Kada a taɓa cewa a tura ta asusun ma'aji ko na shugabar mata «na ɗan lokaci». In an sa na'urar POS, a tabbata da asusun ikkilisiya aka haɗa ta, a fitar da jimlar ranar a manne da takardar ƙirga.

Ƙarshen kowane wata a gwada littafi da bayanin banki. A ce littafi ya nuna 1,240,000, banki ya nuna 1,312,450. Bambancin 72,450 ne. Aka bi layi-layi aka tarar da tiransifa uku masu jimlar 75,000 da ba a shigar ba, da cajin banki na 2,550 da ba a cire ba. An gyara, sun daidaita. Aikin awa ɗaya ne in wata-wata ake yi. In aka bari sai Disamba, mako biyu ba zai isa ba, kuma babu mai tuna wanda ya turo 20,000 a watan Maris.

Fitar da kuɗi

Kason majalisun sama shi ne farkon fita. A ECWA ana hawa daga LCB zuwa LCC zuwa DCC, a COCIN daga CC zuwa LCC, RCC da PCC, wato daga majami'a zuwa majalisun da ke samanta mataki-mataki, kuma kundin kowace ɗarika ya yanka abin da za a tura. A tura shi a makon farko na wata bisa ainihin abin da ya shigo. Ikkilisiyar da ke rage adadin baikonta a takarda don kasonta ya ragu, tana koya wa ma'ajinta ajiye littafi biyu, kuma wanda ya iya ɓoye wa DCC zai iya ɓoye wa dattawa.

Sai albashin fasto, da mai gadi, da mai shara, a rana tsayayya. Nehemiya 13:10 ta ba da labarin yadda Lawiyawa da mawaƙa suka koma gonakinsu saboda ba a ba su rabonsu ba. In ma'aikatan suna cikin tsarin fansho, dokar 2014 ta sa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10. Cire kason ma'aikaci a riƙe ba a tura ba, bashi ne da zai fashe ranar ritaya, lokacin da mutum ba shi da ƙarfin bin sawu.

Kowane kashewa ya bi ta takardar biya mai lamba: wa ya nema, don me, nawa, wa ya amince, wa ya karɓa. Mai amincewa daban, mai biya daban. Majalisa ta yanka iyaka, misali abin da bai kai 30,000 ba shugaba da ma'aji su amince, abin da ya wuce sai an zauna. Babban saye, kamar kujeru ko amsa-kuwwa, a nemo farashi daga wuri uku. A Katako ko kasuwar Building Materials ba kowane mai kaya ke da rasit ba, don haka mai saye ya tafi da takardar ikkilisiya, mai kaya ya rubuta suna da lambar waya da adadi ya sa hannu.

Ƙananan bukatu kuwa, a ware musu kuɗin hannu tsayayye. A ba mutum ɗaya naira 50,000. Ya sayi mai, ya ba baƙon mai wa'azi kuɗin mota, ya sayi tsintsiya da batir. In ya kawo rasit na 41,300, dole a ga 8,700 a hannunsa, sai a cika masa 41,300 daga banki ya koma 50,000. Ba rasit, ba ciko.

Kasafin shekara

A watan Nuwamba kwamitin kuɗi ya ɗauko abin da ya shigo wata-wata na shekarar da ke ƙarewa. Za a ga baiko yana da damina da rani. Janairu da Satumba kuɗin makaranta na danne shi, tsakiyar damina manoma sun zuba komai a taki, ƙarshen shekara kuma ya ɗaga. A cire watan godiyar kaka daga lissafi, a ɗauki matsakaicin sauran. In ya kama 600,000 a wata, a gina kasafin yau da kullum a kan 540,000, ragowar ta taru har ta kai albashin wata uku a ajiye. Kuɗin kaka ya tafi ga aikin da ake yi sau ɗaya, kamar rufi ko rijiyar burtsatse. Wanda ya ɗauki sabon ma'aikaci da ƙarfin kuɗin Nuwamba, a watan Yuli zai gane kurensa.

A sa wa bishara da taimakon mabukata kasonsu tun a farkon takarda. In aka ce sai abin da ya rage, janareta da fenti ba sa barin saura.

Godiyar kaka

Ranar godiyar kaka gaban majami'a kan cika da buhunan masara, da dankalin turawa daga Bokkos da Mangu, da acca, da doya, da kaji, wani lokaci har akuya na kuka ana addu'a. A nan aka fi asara, domin ido na kan kuɗi, kaya kuwa kowa na ganin ba a ƙirga su. Ezra 8 ta nuna yadda aka auna azurfa da zinariya da kwanoni kafin a tashi, aka sake aunawa a Urushalima, aka rubuta. A naɗa mutum biyu da littafin sito a bakin ƙofa: kaya iri kaza, buhu ko mudu nawa, daga wace ƙungiya. Buhun da bai cika ba a auna shi da mudu.

Tun kafin ranar majalisa ta yanke abin da za a ba fasto, da na masu bishara, da na gwauraye, da wanda za a sayar. Masu lalacewa su fara tafiya. Tumatir da kabeji a ranar, dankali a cikin mako, a shimfiɗa shi a inuwa mai iska a tsince masu rauni, don ruɓaɓɓe ɗaya na cinye buhu. Dabbobi a yi gwanjonsu a ranar, in ba haka ba sai an ciyar da su, kuma in ɗaya ta mutu a gidan wani dattijo magana ta tashi. Acca tana jure ajiya. Masara kuwa sai ta bushe ƙamas. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba busasshen gishiri da ƙwayar masara a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a sake shanyawa. A zuba a buhu mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, a ɗora a kan katako nesa da bango. Masarar da aka adana da kyau ta fi daraja a tsakiyar damina, ko a sayar ko a raba wa gidajen da abinci ya yanke musu.

Gwanjo yana da tarkonsa. Mutum ya taya zakara naira 40,000 don a tafa masa, ya tafi da zakara, kuɗi kuwa sai a Lahira. Doka ɗaya ta isa: a biya kafin kaya su fita. Wanda ya nemi lamuni a rubuta sunansa da ranar biya, ya sa hannu.

Alkawarin gini

Alkawari kaya ne, amma ba kuɗi ba ne. Luka 14:28 ta yi maganar mai son gina hasumiya da ya kamata ya fara zama ya yi lissafi. A sami ƙwararren mai ƙiyasin gini ya raba aikin kashi-kashi: harsashi, zuwa linta, rufi, sannan ƙofofi da filasta. Kada a fara wani kashi sai kuɗinsa na banki. A Jos ruwa na sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, don haka a auna aikin yadda katakon rufi ba zai sha damina a buɗe ba. In farashi na tashi kuma kuɗi bai isa fara aiki ba, a sayi rodi ko a buga bulo. Siminti ba ya son ajiya, 'yan watanni a ɗaki mai danshi sai ya daskare.

Katin alkawari ya nuna jimla da yadda za a biya, misali 60,000 a wata shida, 10,000 duk wata. A tuna wa mutum a keɓe, kada a karanta sunayen masu bashi a sujada. Game da kiran masu kuɗi gaba ana shelar adadinsu, Yakubu 2 ta riga ta yi magana a kan ba mai zoben zinariya kujerar gaba, kuma a Markus 12 gwauruwa mai anini biyu ce Yesu ya nuna wa almajiransa. Irin wannan taro na tara kuɗi a rana ɗaya, amma mai dubu biyu kan koma gida yana jin ginin ba nasa ba ne.

Asusun mabukata

Gunagunin farko a ikkilisiyar Urushalima a kan rabon abincin gwauraye ya tashi, shi ya sa aka zaɓi mutum bakwai a Ayyukan Manzanni 6. A kafa kwamiti ƙarami, da mata a ciki, domin su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. A rubuta ƙa'ida: wa ya cancanta, iyakar abin da za a bayar ba tare da zaman majalisa ba, sau nawa a shekara. Kuɗin asibiti ko na makaranta a biya kai tsaye a karɓo rasit. Sunayen waɗanda aka taimaka su tsaya a littafin kwamiti. Jama'a su ji adadin gidaje da jimlar kuɗi kawai. Kyauta ce, kada a kira ta rance, don wanda ya kasa biyan bashin coci daina zuwa coci yake yi.

Lokacin da rikici ya koro mutane daga ƙauyukan Mangu, Bokkos, Barkin Ladi, Riyom ko Bassa, kayan agaji kan zo da yawa a lokaci guda. A rubuta gidaje da yawan mutanen kowane gida kafin a buɗe buhu ko ɗaya, a yanka mudu nawa kowane kai zai samu, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Rahoto, bincike da miƙa aiki

Majalisa ta ga rahoto duk wata, jama'a duk wata uku, a shafi ɗaya: abin da aka fara da shi, abin da ya shigo iri-iri, abin da ya fita, abin da ya rage a banki da a hannu, da bashin da ake bin ikkilisiya. A karanta da harshen da ake sujada da shi, a manna a allon sanarwa, a ba da lokacin tambaya. Wanda ya tambayi dalilin da kuɗin mai ya ninka ba ɗan tawaye ba ne, a ba shi amsa da lita da farashi. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, ya tafi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, ya ce a 2 Korintiyawa 8:20-21 yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane.

Sau ɗaya a shekara mutum biyu da ba sa cikin kwamitin kuɗi su binciki littattafan, har da na Zumuntar Mata, da matasa, da mawaƙa, da 'yan Sabon Rai, domin ƙananan asusun nan su aka fi mantawa. Ba sai sun duba komai ba. Su zaɓi Lahadi takwas a warwatse su bi kuɗin daga takardar ƙirga zuwa banki, su zaɓi takardun biya ashirin su nemi rasit, su je sito su ƙirga buhuna, su ƙirga kuɗin hannu ba tare da sanarwa ba.

In aka ga gibi, kada a kai shi mumbari, kada kuma a binne shi. A karɓi littattafai da cak a ranar, a sanar da banki a dakatar da sa hannun mutumin, dattawa biyu su zauna da shi su ji ta bakinsa, don wani gibin kuskuren lissafi ne. In ya tabbata, a rubuta adadin da tsarin biya, ya sa hannu, a sanar da majalisar sama, horo kuma ya bi kundin ɗarika. Jama'a su ji gaskiyar adadin da matakin da aka ɗauka daga bakin dattawa kafin su ji a bakin rijiya.

Ma'aji ya yi wa'adin da kundi ya yanka ya sauka, ko da kowa na yabonsa. Ranar miƙa aiki a zauna da tsoho da sabo da dattawa biyu, a jera a takarda: littafin kuɗi, littattafan rasit da lambar da aka tsaya, sauran cak da lambobinsu, mabuɗan akwati, na'urar POS, takardun fili, ragowar banki ta ranar, da jerin basussuka. Duka huɗun su sa hannu. A cikin makon a kai wa banki takardar sauya masu sa hannu, a cire lambar wayar tsohon ma'aji daga saƙon asusun, a sauya lambar sirrin shiga ta intanet da kwaɗon akwatin ƙarfe.